Kawu da Ruwan Kududdufin Fammar

Duk wanda ya zo gaisuwar Kawu a Madachi sai da ya ce Allah Ya jiƙansa, amma ba da murya ɗaya suka faɗa ba. Ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, kusa da babban ɗansa, ina miƙa hannu ina sauraro.

Tsofaffin ɗalibansa su suka fi yawa. Wani mai kantin magani daga Kano, gemunsa ya yi fari fat, ya ce har gobe idan zai zuba magani a kwalba sai ya ji kamar Malam na tsaye a bayansa. Wani direba mai jigila tsakanin Rano da Kano ya ce shi bai taɓa cin jarrabawar Malam ba, amma duk ranar da ya ɗauko shi a mota sai ya ga ƙafarsa ta ƙi taka totur.

Da hantsi Fulanin Fammar suka iso. Arɗo ne a gaba, ya tsufa har sai da aka riƙe shi ya sauka daga babur. Matansu suka wuce cikin gida da ƙoren nono. Suna zama hira ta mutu, wasu daga cikin danginmu suka gyara zama suna kallon ƙasa. Wani dattijo daga ɓangaren mahaifina ya sunkuyo kunnena ya ce, "Mutumin kirki ne. Sai dai bai san rufa wa nasa asiri ba."

Ko Arɗo ya ji ko bai ji ba, ban sani ba. Ya shafa addu'a, ya ɗago ya ce, "Malam ya hana a zubar da jini a garinmu. Ni shaida ne."

Liman kaɗai ya amsa masa.

Waɗannan maganganun biyu su ne za su rage a bakin mutane, kuma kowacce rabin labari ce. Ni ina wurin lokacin da abin ya faru, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta kafin masu tunawa su ƙare.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare a Rano har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, ba ya son doguwar gaisuwa. Ba ya kai hancinsa kan komai. Ko kunu aka miƙo masa sai ya nisanta shi, ya kaɗo tururin da tafin hannu zuwa fuskarsa, kamar yadda yake koya wa yara a ɗakin gwaji. Matarsa ta yi shekaru tana jin haushin wannan kafin ta haƙura. Akwai wata ƙusa babba da ba ta rabuwa da aljihunsa. Duk inda ya ga kwalbar maganin feshi da aka gama amfani da ita, a kasuwa ne ko a bakin gona, sai ya huda gindinta, don kada wata ta ɗauka ta zuba man gyaɗa. An sha yi masa masifa a kan haka, yana huda yana cewa, "Ki zage ni da ranki ya fi."

Idan ka ba shi labari, ko na rigimar maƙwabta ne, zai bari ka gama sannan ya ce, "Me ka gani? Ban ce me ka zata ba." Tun ina yaro nake tsoron wannan tambayar.

Kawu ne ya sa ni a hanyar kimiyya, kuma shi ne mutum na farko da ya raina abin da na zaɓa a cikinta. Da na fara digiri na biyu na zo hutu, ya zaunar da ni a zaure ya ce in ba shi labarin ɗakin gwajinmu.

Na ce, "Kawu, ni ba na shiga ɗakin gwaji. A kwamfuta nake aikina."

"Sinadaran fa?"

Na buɗe kwamfutar na nuna masa. Na ce akwai ƙwayoyin sinadari da ke haɗiye haske su fitar da wani mai launi dabam. Ni aikina in zana irin waɗannan ƙwayoyin, in canza musu siffa, in sa na'ura ta lissafa wane launi za su bayar, tun kafin wani ya haɗa su. Wadda nake nema ita ce mai haske kore, wadda idan ta haɗu da maganin ƙwari a cikin ruwa hasken zai mutu. Ka ga da ɗigo ɗaya manomi ko makiyayi zai san ruwa lafiya yake ko a'a.

Ya daɗe yana kallon hoton yana juyawa a fuskar kwamfutar. Ya ce, "Tana ina yanzu?"

"Ba a haɗa ta ba tukuna."

"Wato babu ita."

"Akwai ta a lissafi."

"Ɗan nan, ka shekara kana karatun sinadarai, ba ka ƙona yatsa ba, ba ka fasa kwalba ba. Zane kake yi."

Na ce masa lissafin nan yana rage wa masu ɗakin gwaji wahalar shekaru. Ya ce wanda bai san warin abu ba, ranar da na'ura ta yi masa ƙarya ba zai gane ba. Muka yi ta ja har aka kira la'asar, ya tashi bai ce mini mu tafi ba. Daga ranar ya sa mini suna Mai Zane, kuma a gaban baƙi yake kirana da shi.

Mahaifiyata ce ta gaya mini daga baya cewa shi ma ya taɓa fara digiri na biyu. Kakanmu ya kwanta ciwo, ya dawo jinya da niyyar komawa, bai koma ba. Bai taɓa ɗaga mini wannan zancen ba, ni ma ban ɗaga masa ba.

Ina cikin digiri na uku jami'o'i suka shiga yajin aiki, aka kulle ɗakunan kwana. Gidanmu a Fammar babu wuta, waya ma sai ka fita bayan gari take kamawa. Kawu ya aiko aka ce in zo Madachi. Ya kwashe buhunan da ke ɗakin zaure, ya sa mini tebur, ya hana jikokinsa wucewa ta wurin. Kullum da safe sai ya ɗauki kwamfutata ya naɗe ta a tsohuwar babbar rigarsa, ya ɗaure a bayan babur, ya kai ta shagon cajin waya a Rano. Ba ya barin ta ya tafi. Mai shagon ya ce mini a kan benci yake zama ya sa mata ido har ta cika, ko yaro ya matso sai ya kore shi. Idan ya dawo ya miƙo mini sai ya ce, "Ga allon zanenka."

A cikin wannan zaman ne, lokacin da wake ya fara fure, abin ya faru.

Wani mai babur ya zo da labari cewa shanun Fulani sun sha ruwa a ƙaramin kududdufin da ke gabas da Fammar, 'yan maruƙa sun mutu, da wata saniya mai shayarwa. Fulani sun ce guba aka zuba musu don a kore su daga mashaya. Samarinsu sun rantse za su saki garke cikin gonakin wake. Samarin gari kuma sun fara wasa adduna.

Kawu ya goya ni a babur muka tafi. Kududdufin ya ja baya, saura ɗan ruwa a tsakiyar taɓo. Maruƙan na kwance a gefe, kumfa ta bushe a bakinsu, wata tsohuwa na zaune kusa da saniyar tana kiran sunanta a hankali. Kawu ya tsuguna a bakin ruwan, ya kaɗo iskar da hannu. Na ga fuskarsa ta canza. Da muka hau babur sai ya tambaye ni.

"Wa ke da wake kusa da nan?"

Shi ma ya san amsar. Gonar da ta fi kusa ta gidanmu ce, kuma tun rasuwar mahaifinmu Yayana ke noma ta.

Muka tarar da Yaya a tsakar gida, mahaifiyarmu na zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Tankin feshi na jingine a jikin rumbu. Kawu bai zauna ba.

"Ina ka wanke tankin nan?"

Yaya ya dubi ƙasa. Can ya ce maganin ya yi saura, rana ta yi zafi, rijiya da nisa. Ya juye sauran a bakin kududdufin ya ɗauraye tankin. Ya ce wallahi bai kawo shanu a ransa ba, ya ɗauka sun koma mashayar yamma.

"Wa ya gan ka?"

"Babu kowa."

Sai Yaya ya juyo kaina. Ashe dagaci ya riga ya sa a taru a ƙofar gidansa washegari, kuma mutane sun ce tunda ga ɗan gari mai karatun guba a jami'a, a tambaye shi. Yaya ya ce, "Kai za su saurara. Ka ce ciwon shanu ne. Wa zai musa maka?"

Mahaifiyarmu ta ce, "Ɗan'uwanka ne. Idan suka sani, ba za su tsaya jin ba da gangan ba ne."

Ba ta yi ƙarya ba. Na ga idanun samarin Fulani a bakin kududdufi. Yaya shi ya bar makaranta ya riƙe gona har na kai inda na kai, kuma matarsa na da tsohon ciki a lokacin.

Kawu ya ce, "Mai Zane, na'urarka za ta iya faɗin abin da ke cikin ruwan can?"

Na ce a'a.

"Ka san ciwon shanu?"

"Ban sani ba."

"To abin da za ka faɗa ke nan gobe. Kada ka ƙara ko harafi. Sauran ba naka ba ne." Ya juya ga Yaya. "Kai kuma zan ba ka dama ka faɗa da bakinka. Ya fi maka daraja. Idan ka kasa, ni zan faɗa."

Mahaifiyata ta miƙe. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Kawu, yayanta, murya ba sai ranar. Ta ce, "Yaya, maraya za ka miƙa musu?"

Ya ce, "Idan aka ce ciwo ne, gobe za su sake kai shanu wurin. Yaransu ma a nan suke wanka. Idan kuma ba su yarda ba, za su zaɓi wanda suke zargi da kansu, su faɗa wa gidan da bai san hawa ba. Wanne kika zaɓa?"

Ta ce, "Na zaɓi ɗana."

Ya ce, "Ni ma shi na zaɓa." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Da safe ƙofar gidan dagaci ta cika. Fulani a gefe ɗaya, sandunansu a kafaɗa, mutanen gari a ɗaya gefen, tsakani fili kamar an share. Kawu ya ratsa ya zauna a bakin filin, ya jawo Yaya ya zaunar kusa da shi. Arɗo ya yi magana a taƙaice. Ya ce kakansa ya shayar a wannan kududdufin, idan an gaji da su a faɗa musu da baki, ba sai an bi ta kan dabba ba. Wani daga cikin gari ya ce shanunsu ne marasa lafiya suke neman wanda za su ɗora wa. Aka fara hayaniya, dagaci ya tsawatar, sannan ya kira ni.

Na tashi. Na ce ni ban auna ruwan ba, ba ni da abin aunawa, aikina na lissafi ne, kuma ban san ciwon dabbobi ba. Na zauna.

Wani ya yi tsaki ya ce, "To karatun me yake yi?" Babban ɗan Arɗo ya ce, "Sun haɗa baki." Na ga samarin Fulani sun sauke sanduna daga kafaɗa.

Kawu ya dubi Yaya. Yaya ya buɗe baki, ya rufe, gumi na zuba daga haɓarsa. Kawu ya jira shi har na ɗauka ya fasa. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, Arɗo bai yi ƙarya ba. Maganin feshi ne ya kashe shanun. Daga gidanmu ya fito. Ga wanda ya zuba, ɗan ƙanwata ne, ya wanke tanki ne bai yi tunani ba. Babu wanda ya gan shi. Da mun so mu yi shiru, da mun yi."

Ɗan Arɗo ya taho, sanda a hannu, har tsakiyar filin. Samarin gari suka miƙe. Kawu ya taka ya tsaya tsakaninsa da Yaya, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ɗana, ni na koyar da rabin garin nan yadda ake riƙe magani, na kasa koyar da na cikin gidana. Idan duka ne, ka fara da malamin."

Yaron ya tsaya yana huci, sandar a sama. Na ga jijiyar wuyansa na bugawa. Arɗo ya yi masa magana da Fulatanci, kalma biyu ko uku, bai ko ɗaga murya ba. Yaron bai sauke ba. Arɗo ya sake faɗa. Sai ya juya ya maka sandar a ƙasa, ya fice daga taron.

Kawu ya ce yana da shanun huɗa a Madachi, a je a kwance su a kai ruga. Ya ce ya san ba za su maye saniya mai nono ba. Arɗo ya ce, "Ba za su maye ba. Amma na karɓa." Kafin a watse Kawu ya sa aka yanko ƙaya aka kewaye kududdufin, shi da kansa ya ja reshen farko.

Ba a yi faɗa ba, amma kada wani ya ɗauka abin ya ƙare da daɗi. A kasuwar Kibiya yara suka riƙa nuna Yaya suna cewa ga mai guba. Bai jira girbin waken ba ya bar wa ƙaninmu gonar, ya tafi Kano ya kama tuƙin motar haya. Da matarsa ta haihu bai aika wa Kawu goron suna ba. Mahaifiyata ta daina zuwa Madachi, ko da salla. Kawu kuwa damina ta zagayo ba shi da shanu, na same shi a gona da fartanya, yana yi yana hutawa. Na ce ko ya yi nadama. Ya ce, "Na yi kewar ƙanwata." Ya ci gaba da noma.

Bayan an koma makaranta, wata abokiyar karatuna da ke aiki a ɗakin gwaji ta haɗa ƙwayar da na zana. Ɗan garin sinadari ne kaɗan a gindin wata 'yar kwalba. A lokacin ciwon zuciya ya fara kwantar da Kawu, ƙafafunsa sun kumbura. Na kai masa har ɗaki, na rufe taga, na narka garin a ruwa, na haska shi da irin fitilar nan da ake duba jabun kuɗi. Ruwan ya kama haske, amma rawaya, ba kore ba kamar yadda lissafina ya ce. Na gaya masa cewa a ruwa mai tsabta hasken na mutuwa idan aka ɗiga maganin ƙwari, a ruwan taɓo kuwa da ƙyar ake ganin bambanci.

Na jira dariya. Ya karɓi kwalbar da hannu biyu ya daɗe yana kallo.

"Kuskuren daga ina?"

Na ce ina zargin yadda na lissafa tasirin ruwan a kan ƙwayar.

"Zauna ka nuna mini."

Muka wuni a kai. Yana tambaya, ina amsawa, inda bai gane ba ya ce in maimaita, ba ya jin kunya. Da zan tafi ya ce in rubuta rawaya a kundina yadda ta fito, in bar koren a gefenta kowa ya gani. Haka na yi. Har yau ina kan gyaran lissafin.

Ba na nan ranar da jikin Kawu ya rikice. Ruwan sama ya cinye hanyar da ke shiga unguwarsu, mota ba ta iya kaiwa ƙofar gida. Da labari ya kai Fammar, mahaifiyata ce ta fita bayan gari ta buga wa Yaya waya. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Yayana ba shi da lafiya." Ya sauke fasinjojinsa a tasha ya juyo da motar.

Sauran Yaya ne ya ba ni labari, bayan mun dawo daga maƙabarta, muna tsaye a bayan gida inda babu kowa. Ya ce ya shiga ɗakin bai yi doguwar gaisuwa ba, ya juya baya ya tsuguna, aka ɗora masa Kawu. Ya ce bai san mutum mai tsawo haka zai yi rashin nauyi irin wannan ba. Suna cikin taɓo, ruwa har ƙauri, sai ya ji muryarsa a bayan kunnensa.

"Har yanzu kana fushi da ni?"

Yaya ya ce, "Ina yi, Kawu."

"To. Riƙe ni da kyau, kada ka zame. Idan mun isa mota ka ci gaba."

Yaya ya ce ya sa shi a kujerar gaba, ya gyara masa hula, ya ja motar a hankali yana kauce wa ramuka. Ba su sake magana ba. Kafin su shiga Rano ya ji kan Kawu ya kwanto a kafaɗarsa, bai ture shi ba, bai kuma tsaya ba, ya yi ta tuƙi da hannu ɗaya har ƙofar asibiti.

Da ya kai nan ya juya fuskarsa ga katanga. Na tsaya kusa da shi har ya gama kuka.

Ya Allah, bawanka ne, ya zo gare Ka. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya zukatan da ya bari, na masu gode masa da na masu jin ciwonsa. Amin.